Illo Mai Yasar Rijiya da Kofi na Uku

Kowace safiya, da an fito masallaci, Illo yakan rataya igiyarsa a kafaɗa ya bi ta bakin kori, wato rafin da ba ya kawo ruwa sai an yi ruwan sama, ya leƙa rijiyar unguwarmu. Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki. Zai zura guga, ya ɗanɗana ruwan, sannan ya wuce inda aka kira shi yasa ko gini. Tun ina ƙarami haka na san shi, yanzu ga furfura a gemuna.

A nan Tamanrasset aka haife shi. Ubansa Badamagare ne da ya zo da ayari ya zauna, uwarsa kuma 'yar Tazrouk ce, don haka Hausa da Tamahaq, yaren uwarsa, duk nasa ne. Duk baƙon da ya sauka unguwarmu daga Nijar, ruwan Illo ya fara sha.

Amma rijiyar nan tana da maƙiyi. Duk lokacin da aka yi ruwa a kan duwatsu, kori ya taso, sai ya cika ta da yashi har baki. Mata su koma ɗauko ruwa daga nesa, Illo kuma ya shiga rami yana kwasa, kwana da kwanaki. A yasar ƙarshe da ya yi mata, sai da maza suka jawo shi waje, bayansa ya ƙi miƙewa. Ranar kowa ya gane cewa in kori ya sake binne rijiyar, babu mai tono ta. Maganin abin katangar siminti ce, siminti kuwa yana hannun meri, wato hukumar gari, inda ba mu da ko mutum guda.

Da aka ce za a yi zaɓen majalisar gari a farkon 1967, Badaru mai kanti, mutumin Maraɗi, ya tara dattawa suka roƙi Illo ya tsaya. Galibinmu baƙi ne, ba mu da ƙuri'a, shi kuwa ɗan ƙasa ne. Ya ƙi, aka yi ta lallashi, daga baya ya yarda saboda rijiyar. Jam'iyya ta karɓi sunansa, sai aka tura shi gidajen masu ƙuri'a ya nemi goyon baya.

To, kun san al'adar garin nan. In ka je gidan mutum da buƙata, ba ka buɗe baki sai an kai kofi na uku na shayi. Illo kuwa bai taɓa kaiwa ba. Ana miƙo masa kofi na farko, zai ɗanɗana ya ce ruwan nan da ɗan gishiri-gishiri, yaya rijiyarku? Maigida ya fara kuka da rijiya, kafin na biyu ya tafasa Illo ya tuɓe riga yana cikin rami. Ya fito da laka har wuya, a yi masa godiya, ya yi sallama ya tafi. Maganar zaɓe ko kalma.

Badaru ya kusa haukacewa. Ya tare shi a ƙofar kanti yana tambayar abin da ya faɗa wa mutanen gidan da ya je jiya, Illo ya ce ya gaya musu su canja igiya. Badaru ya dafe kai ya ce, "Yaya Illo, mu ƙuri'a munka aike ka nema, ba yasa ba." Illo ya sunkuyar da kai ya ce shi kunya yake ji. Yaya zai gyara wa mutum rijiya, sannan ya zauna ya ce a saka masa? Har rijiyar Mika'ilu, wanda suke neman kujera tare, sai da ya yashe a makon zaɓe. Ni kaina na fid da rai, kuma haushinsa na ji sosai.

Zainaba mai tuwon sayarwa ce ta fitar da mu. Ta ce tunda Baba Illo ba ya kai kofi na uku, mata za su kai masa. Suka rarrabu cikin gari, kowace ta shiga gidan da take da ƙawa, suka zauna daram har aka zuba na ukun. Sai Zainaba ta ɗaga kofi ta ce wa uwargida, "Ruwan da kika dafa wannan, wa ya fito miki da shi? To, shi ne ke neman ku, bakinsa ne ya yi nauyi." Ashe babu unguwar da ba a san igiyar nan ba. Aka yi zaɓe, Illo ya shiga majalisa, labarin ma a bakin wata rijiya ya same shi.

Illo, kai ne ka shayar da mu shekara da shekaru ba ka taɓa cewa a gode maka ba. Kai ne ka je zaman farko da igiya a kafaɗa, aka yi dariya, ka bari aka gama. Wanda ya kasa roƙa wa kansa ƙuri'a ɗaya, ranar ya miƙe ya roƙa wa unguwa katanga, bai zauna ba sai da aka amsa. Mika'ilu, wanda shi ma ya samu kujera, shi ya fara mara maka baya.

Mun gode, Illo. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sassauta maka ciwon bayan nan. Ku kuma samari masu sha'awar kujera, ku fara neman igiyarku tukuna, ku bari maƙwabta su yi muku magana.

Bana kori ya taso da ƙarfinsa, ya daki katanga ya wuce. Da ruwa ya janye muka je duba rijiya, muka tarar Illo ya riga mu, igiya a kafaɗa kamar kullum. Ya zura guga, ruwa ya fito garau. Ya tsaya yana juya igiyar a hannu, ya rasa abin da zai yi da ita, idanunsa suka ciko. Zainaba ta karɓe ta daga hannunsa ta ce, "Zo ka zauna, Baba. Yau sai ka sha na uku."