Mashin Kawu da Ruwan Agege

Mun tashi daga Yauri ana idar da sallar asuba, cikin motar busasshen kifi, ni da direba da wani abokin fatauci. Kifin na kasuwar Oyingbo ta Ikko ne, ni kuwa aiken Inna ne ya ɗauko ni. Idonta ya fara dushewa, ta ce tana so ta ga ƙaninta kafin ya rufe gaba ɗaya. Kawun nan nawa ya fi shekara ashirin yana gadi a Ikko bai taɓa leƙo gida ba. Duk saƙon da aka aika, amsarsa ɗaya ce: sai bayan damina.

Soja sun koma bariki, farar hula sun hau mulki, amma ramukan hanyar Kontagora ko labari ba su ji ba. A gadar Jebba na leƙa na gaishe da Kwara, tunda ruwan ƙofar gidanmu ne ya biyo ta nan. A Ogbomosho muka ci amala da wata koriyar miya mai yauƙi, na ɗauki loma ta gudu ta bar ni da hannu. A nan ne kuma na fara sayen ruwa a leda, ni da aka haifa a bakin kogi. Na sha, amma raina bai so ba.

Washegari muka sauke kaya a Oyingbo. Na sayi ƙullin zaren roba na gyaran komar kamun kifi, sannan na nemi danfo zuwa Agege. Motar nan ba ta san tsayawa ba, rage gudu kawai take yi, mai rabon sauka ya dira. Agege kuwa sai ka rantse Arewa ce aka naɗe aka kawo. Ga masu shayi 'yan Nijar, ga masu goro, ga samarin da za su fara maka magana da Hausa su ƙarasa da Yarbanci.

Na sami Kawu a wata rumfar kwano, ƙofar ma'ajiyar katako, gab da wani babban lambatu. Dangin Inna maharba ne, kuma na tashi ina jin cewa a zamaninsa babu mai nisan jifan mashi irinsa. Wanda na tarar tsoho ne siriri mai tari, kowa na aikensa buɗe ƙofa. Na isar da saƙo. Sai ya ce:

"Da me zan koma, ɗana? Sa'o'ina sun aurar da jikoki. Ni ga tabarma, ga buta."

Na ba shi haƙuri, na yi magiya, har na ɗan yi fushi. Ko gezau. Gaskiya a raina na fara cewa labarin jifan nan ma ƙila ƙarin gishiri ne irin na 'yar'uwa.

Rana ta uku aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin hantsi lambatun ya cika ya tumbatsa, ya kwashe gadar katakon da ake tsallakawa. A ƙetare akwai wata Bayarabiya mai sayar da burodi, da goyo a bayanta. Ruwa ya zagaye shagonta ta ko'ina, ta hau rufin ta riƙe reshen wata bishiya da ke jingine da shi. Ni ɗan ruwa ne, amma ban yi gigin faɗawa ba. Ruwan gudu yake da fallayen kwano da guma-gumai, ba irin wanda ake iyo a ciki ba ne sai da igiya.

Wani direban danfo, mutumin kudancin Kaduna, ya kawo igiyar jan mota. Majiya ƙarfi suka ɗaura mata dutse suna wurgawa, tana faɗawa tsakiyar ruwa. Shagon kuwa ya fara karkacewa.

Sai ga Kawu da mashinsa na gadi. Ya tambaye ni zaren da na sayo, ya ce in ɗaura shi a gindin mashin. Na warware shi cikin daro yadda muke tara igiyar zago, wato mashinmu na sukar manyan kifi, don kada ya harɗe. Ya miƙo mini wata guntuwar tsirkiya, taƙi biyar ko shida, ya ce in sa a jikin sandar, shi kuma ya shiga tuɓe riga. Ni ko na zage na ƙulle ta tamau, ƙulli biyu, irin na gidanmu.

Ya karɓa, ya taɓa, ya harare ni.

"Wa ya ce ka ƙulle? Kifi zan soka? Ku kuna ɗaurewa don abu ya dawo muku. Wannan tafiya zai yi."

Da haƙori ya kwance. Tsirkiyar tana da ɗan ƙululu a ƙarshenta. Ya kwantar da ƙululun a bayan tsakiyar sandar, ya danne shi da zagaye ɗaya, ya ƙara naɗi uku, ya miƙe sauran zuwa gaba ya naɗe a yatsansa manuni. Daga baya ya bayyana mini cewa tsirkiyar tsawon hannu take ƙara wa mutum. Tana ci gaba da tura mashin bayan ya bar tafi, ta murza shi ya tafi saiti, sannan ta zame ta bar shi. Da na bar ƙullina, da a gabanmu zai kifa.

Ya sa wani wanzami haifaffen unguwar ya gaya wa matar da Yarbanci ta kwanta a kan rufin. Ya ja baya taku uku, ya yi bisimilla, ya saki. Na ji mashin yana wani gurnani a iska, zaren yana tashi daga daro. Ya wuce ruwan, ya wuce kan matar, ya kafe a jikin bishiyar. Na juya ina gaya wa mutanen da ba su tambaye ni ba cewa kawuna ne.

Sauran aikin namu ne. Muka ɗaura igiyar mota a zaren, matar ta jawo ta ɗaure a bishiya, maza suka riƙe ta nan. Na bi igiyar na ɗauko jaririn a wuyana, na koma na tallabo uwar. Ba mu gama tsane jiki ba shagon ya bi ruwa.

Da yamma dangin matar suka zo, manyan maza suna kwanciya rub da ciki a gaban rumfar kwano. Ogan ma'ajiyar ya kira ni gefe yana tambayar ainihin sunan Baba mai gadi. Tsirkiyar ta yanke wa Kawu yatsa, ina ɗaure masa da tsumma ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Motarku yaushe za ta juya?"

Bayan kwana biyu muka juyo tare da Kawu, gaban mota cike da burodin Agege da dangin matar suka kawo. Tafiyar nan ta koya mini cewa kunya ce take riƙe mutum a baƙon gari fiye da talauci, kuma ba a yi wa tsoho hukunci da ganin rumfarsa.

Mun iso Yauri da la'asar. Inna ta kawo fuskarta dab da tasa, ta daɗe tana dubawa, ta ce ta gan shi, alhamdu lillahi. Ta kama hannunsa, ta ci karo da tsumman, ta shafa wurin.

"Har yanzu kana jifa?"

"Ina ɗan taɓawa, Yaya."