Ƙafar da Sulemanu Ya Sassaƙa

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ni Mudi na koma bin ƙafar hagu. Kububuwa ce ta sare ni a gonar auduga, bayan garin Maska. Da taurin kaina na kwana tara a gida ina shan saiwoyi, duk wanda ya zo dubiya in ce masa na samu sauƙi. Rana ta goma wari ya ƙaryata ni. Aka loda ni a akori-kura sai asibitin mishan da ke wajen Malumfashi, can aka yanke ta dama daga ƙasan gwiwa.

Kafin nan ni ne mai cika baki a wurin gayya. Ban iya komai ba ban da noma, sai ko surutu. Da na dawo, yayana Buba ya kira ni gefe, ya ce zai haɗa gonata da tasa, ya riƙa auno mini hatsi, ni in zauna ƙofar gida in riƙa sayar da goro. Don tausayi ya faɗa, amma na ji zafin maganar fiye da saran macijin. Na roƙe shi damina ɗaya. Ya ce to, in na iya shuka da kaina gona tawa ce.

Sulemanu, wani kafinta Kirista da ke yi wa mishan aiki, shi ya sassaƙa mini ƙafa da itacen maɗaci, ya yi mata maɗauri na fata. Har yatsu biyar ya fitar mata, abin da na ɗauka ɓata lokaci ne. Na tsani ƙafar nan. Baƙuwa nake ce mata. In zan shiga ɗaki a bakin ƙofa nake barinta tare da takalma, har ranar da na tarar kaza ta hau kanta tana gyangyaɗi.

Abin da ya fi damuna ƙaiƙayi ne a babban yatsan da aka binne a Malumfashi. Sai in kai hannu in sosa iska, ƙato da gemu. Wata rana matata Tasalla ta gaji da mitata, ta ɗaura mini ƙafar, ta ɗauko tsinken tsintsiya ta kama sosa babban yatsan katakon, don ta tsokane ni. Ina kallon tsinken yana kai da kawowa, ina shirin yi mata faɗa, sai na ji ƙaiƙayin ya kwanta. Na rufe ido, ya dawo. Na buɗe, ya tafi. Cikin kunya na ce ta ɗan matsa wajen farcen.

Daga ranar na daina barin Baƙuwa a waje. Rani guda ina zagaya tsakar gida da ita, ina faɗuwa, Tasalla tana juya baya don kada in ga dariyarta.

Da ruwan farko ya sauka muka fita shukar dawa. Buba yana gaba yana sara da sungumi, ni ina biye ina jefa iri ina rufe rami da dunduniya. Rufewar nan ita ce jarrabawar, domin sai ka tsaya kan ƙafa ɗaya ka ja ƙasa da ɗayar. Na tsaya kan ta hagu, na ja da ta katako. Ramin farko na tone irin da na zuba. Na biyu na danne shi kamar ina daɓe. Buba bai waiwayo ba, amma ƙeyarsa ta gaya mini abin da yake tunani.

Wajen layi na shida na daina kallon ƙasa. Can kusa da tsamiya na tsaya cak, na ce, "Yaya, nan bai jiƙa ba. Sama ce kawai ta sha ruwa, in muka zuba iri zai ƙone."

Ya dube ni, ya dubi ƙafar. Ya ce, "Da wacce ka ji?"

Na buɗe baki in ce da ta hagu, sai na ga ba ita ce a cikin ramin ba. Buba ya durƙusa ya tona da yatsa. Gaɓa biyu, sai busasshiyar ƙasa. Har yau ban san ko ta gwiwa labarin ya hau ba, ko ta ina. Ni dai a tafin ƙafa na ji shi.

Ya miƙe ya karkaɗe hannu, ya ce tunda gonata ce, in faɗi inda za mu koma. Na nuna masa gangare. Ina tafe ina share ido, ina cewa gumi ne.

Da azahar muka zauna alwala a bakin gona da buta ɗaya. Sai da na ji Buba yana dariya na lura da abin da nake yi: na wanke ta dama sau uku, har ina tsefe tsakanin yatsun. Ya ce in rage masa ruwa. Na ce ya jira, saura ta hagu.