Manjo Duba-Ƙafa Ya Ajiye Kaki

In kana son ganinsa ba sai ka nemi izinin kowa ba. Ka fito da safe ka tsaya a bakin titinmu kafin motoci su yi yawa. Za ka ga wani dogon mutum mai furfura a gefen kunne yana share ƙofar gidansa. In ya gama tasa sai ya zarce ta maƙwabta, wai iska ce za ta dawo masa da sharar in ya bar ta. Daga nan ya buɗe wa kajinsa, ya duba su ɗaya bayan ɗaya kamar masu fareti, wadda ta makara fitowa ya yi mata faɗa. Sannan ya jawo benci ya zauna da kofin shayinsa yana kallon masu wucewa. Sai dai shi ba fuska yake kallo ba, ƙafa yake kallo.

"Malam, takalmin nan ya matse ka, tun daga kwana na ga kana ɗingishi. Ka ba ƙaninka."

Wata uku ke nan da ya yi ritaya daga aikin soja, bayan shekara talatin da biyu. Ba a sa hotonsa a jarida ba, ba a kuma raɗa wa wani titi sunansa ba. Shi ya sa na ce bari ni in faɗi abin da na sani.

Ni tela ce. Shekara ashirin da biyar na yi da keken ɗinkina a wani ɗan shago cikin bariki. Ni ke rage wa sababbin kurata wando, ni ke ɗinka igiya a hannun riga in an yi wa ƙaramin soja ƙarin girma, ni ke manna wa hafsoshi anini a kafaɗa. To, wanda yake auna kafaɗar mutane yana sanin halinsu. Na ga wanda in an ƙara masa anini ɗaya sai wuyansa ya daina juyawa. Na ga wanda muryarsa ke riga shi shiga ɗaki. Shi kuwa wannan, tun yana kyaftin mai anini uku, in ya kawo ɗinki layi yake bi a bayan kurtu.

Sunan Duba-Ƙafa sojojinsa ne suka laƙaba masa, a ɓoye da farko, har ya fito fili. Dalili kuwa, duk ranar da za a fita aiki sai ya sa mutum ɗari su zauna a ƙasa a jere, kowa ya cire takalmi da safa. Shi kuma ya durƙusa yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe tsakanin yatsu, ya danna dunduniya. Wanda ya samu da bororo ko tsagewa, a wanke a ɗaure, ko a sa shi a mota. Sauran hafsoshi dariya suke yi masa, wai an tura soja makarantar yaƙi ya dawo da aikin wanzami. Akwai sajensa, wani kakkauran mutum da ake kira Saje Tsawa saboda muryarsa. Wata rana ya toshe hanci ya ce:

"Yallaɓai, wallahi warin nan ko ƙuda ya zo sai ya juya."

"Saje, ƙafar nan ita za ta kai shi, ita za ta dawo da shi wurin uwarsa. Kai ma zauna ka cire."

Haka Saje Tsawa ya zauna ya cire, aka ga babban yatsansa ya huda safa ya leƙo. Har yau in an haɗu ana tsokanarsa da wannan yatsan.

Yana da wata ɗabi'a kuma. In za a yanke shawara, ba ya fara magana, ba ya kuma barin saje ya fara. Wanda ya fi kowa ƙanƙanta a muƙami shi yake nunawa. Na taɓa tambayarsa dalili yana jiran in gama masa maɓalli. Ya ce, "Inna Tela, in na fara buɗe baki, abin da zan ji shi ne haka ne Yallaɓai sau ɗari. To me na ƙaru da shi? Abin da na riga na sani ne aka dawo mini da shi."

Kada ku ɗauka mai sanyi ne. Autana direba ne a ƙarƙashinsa, abokansa na ce masa Birki. Wata rana ya tayar da babbar mota bai duba ruwan inji ba, ta yi zafi a hanya. Kyaftin ya sa shi wanke duk motocin rundunar har mako guda. Na ɗauki mayafina na tafi roƙo. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya saurare ni tsaf. Sannan ya ce, "Inna Tela, in kika ɗinka mini aljihu a gadon baya, shiru zan yi don muna mutunci?" Dariya ta ƙwace mini. Na koma shago, Birki ya ci gaba da wanki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata damina aka yi ambaliya, ruwa ya raba wasu ƙauyuka da gari. Aka ba Kyaftin motoci shida cike da buhunan hatsi da magani, aka ce ya kai kafin sha biyun rana, domin wani babban hafsa mai muƙamin kanar ya riga ya isa can ta jirgi da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, suna jira a raba a gabansu. Ni ba na wurin. Saje Tsawa da autana ne suka ba ni labarin, kowa daban, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Da hantsi suka iso wata gada. Ruwa ya ja baya, gada tana tsaye lafiya lau, ko tsaga babu. Motar Birki ce a gaba. Kyaftin ya tara su kamar yadda ya saba, ya nuna shi.

"Birki, me ka gani?"

"Yallaɓai, ni dai ban yarda da ita ba."

"Dalili?"

"Dubi sawun shanu, Yallaɓai. Sun zo har baki, sun juya, sun bi ta ƙasa cikin ruwa. Makiyayi ba ya barin gada ya jiƙa wandonsa a banza."

Saje Tsawa ya daka masa tsawa, "Kai, yanzu shanu ne za su ba mu oda?"

Kyaftin ya zauna a kan dutse, ya kwance takalminsa, ya cire safa, ya naɗe wando, ya sa aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya gangara. Ruwa har ƙirjinsa. Ya kai ginshiƙin tsakiya ya riƙa lalubawa da ƙafa. Saje ya ce sun ga fuskarsa ta canza. Ashe ruwa ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin ginshiƙin, ƙafarsa ta shige har gwiwa ba ta taɓa komai ba.

Yana fitowa wayar oba-oba tana kuka. Kanar ne.

"Kyaftin, me ya tsayar da kai? Gadar ta karye ne?"

"Ba ta karye ba, Yallaɓai. Amma babu ƙasa a ƙarƙashinta. Ba zan ɗora mata mota ba."

"Jiya ma motoci sun bi. Umarni nake ba ka, ka haye yanzu!"

"Na ji, Yallaɓai. Kayan za su iso yau in Allah ya yarda, amma a ka za su iso."

Ya sa aka sauke buhuna. Ya fara ɗaukar na farko da kansa, jiƙe sharkaf, ba takalmi. Mutum biyar biyar suke haye gadar da ƙafa, da tazara a tsakani. Mutanen ƙauye da suka gani suka fito da jakuna da kekuna. Kafin su bar wurin ya sa aka jibge duwatsu da kututture a bakin gadar ta kowane gefe, don kada wata mota ta hau. Sai wajen la'asar kaya suka isa. Baƙi sun gaji sun tafi, masu hoto sun tafi, Kanar ya cika ya batse. Masu yunwa dai suna nan, kuma sun samu.

Ga inda abin ya yi ɗaci. Gadar nan ba ta faɗi ba. Kwana ɗaya, kwana biyar, mako guda, tana tsaye ƙyam. A bariki aka fara cewa Duba-Ƙafa ya ji tsoron gada lafiyayya. Aka kafa kwamitin bincike. Ni kuwa abinci ya ƙi shiga, domin magana ta fita cewa direba ne ya ƙi tuƙi, kuma ƙaramin soja da ya ƙi umarni kora ce, ba wani zance. Lokacin matar Birki tana da cikin fari.

Saje Tsawa ne ke tsaye a bakin ƙofa ranar zaman, kunnensa kuwa ya fi muryarsa ƙarfi. Ya ce shugaban kwamitin ya sassauta murya ya ce:

"Kyaftin, sunanka yana cikin waɗanda za a yi wa ƙarin girma bana. Mun ji wani direba ne ya turje. In haka ne ka faɗi sunansa, mu rufe maganar, ka tafi abinka."

"Yallaɓai, ba wanda ya turje. Na tambayi direbana abin da ya gani, ya faɗa mini gaskiya, aikinsa ke nan. Ni na shiga ruwa, ni na yanke shawara. In akwai laifi, a kafaɗata yake."

"Ka san abin da wannan amsar za ta jawo maka?"

"Na sani, Yallaɓai."

Aka cire sunansa. A rana ta goma sha ɗaya, da tsakar rana, gadar ta zauna cikin ruwa da kanta, ba kowa a kai, sai duwatsun da ya jibge a bakinta. Muka ce to, yanzu za a gyara takarda. Ina! Takarda ta riga ta shiga fayil, kuma gyara ta yana nufin wani babba ya ce ya yi kuskure.

Ni da ma na riga na tanadi alamar manjo don kafaɗarsa. Na jefa ta cikin gwangwanin maɓallai. Shekara shida tana ciki. A shekarun nan na ɗinka wa waɗanda suka shigo a bayansa, suka zo suka wuce shi, yana ƙamewa yana sara musu ba tare da ya ɓata rai ba. Wata rana ya kawo riga in juya masa kwala, na kasa haƙuri na ce, "Ai ga shi gadar ta faɗi, kowa ya ga gaskiyarka." Ya girgiza kai.

"Inna Tela, ko da tana tsaye har yau, abin da na yi zan sake yi. Ban san ranar da za ta faɗi ba. Abin da ƙafata ta taɓa na sani, da kuma mutum shida da ke riƙe da sitiyari."

Na daɗe ina juya maganar nan a kan keke. Mu mutane mun saba auna shugaba da yadda abu ya ƙare. In ya yi ganganci ya tsira sai mu ce jarumi, in ya yi hattara ba abin da ya faru sai mu ce matsoraci. Shi kuwa da abin da ke gabansa a lokacin yake auna kansa. Bai yi wa na sama rashin kunya ba, bai kuma fasa aikin da aka ba shi ba. Hanyar da za ta ci rai kawai ya ƙi bi, ya kuma tsaya ya karɓi hukuncin shi kaɗai.

Ranar da ƙarin girman ya zo, na zazzage gwangwani na ɗauko alamar. Ta ɗan dushe. Na ce bari in sayo sabuwa, ya ce a'a, wadda ta jira shi yake so.

Manjo, kai ne hafsan da ya durƙusa a gaban kurtu bai ragu da komai ba. Kai ne mai cin abinci bayan kowa ya ƙoshi. Kai ne aka miƙa wa sunan ɗana a matsayin tsani, ka ƙi takawa. Birki yanzu saje ne, 'ya'yansa huɗu, babbar tana koyon aikin jinya. Na ji an ce shi ma yana sa direbobinsa su cire takalmi, har sun fara yi masa suna.

Ranar bankwana an yi taro a filin fareti da safe. Aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango. Yana shirin sauka sai Saje Tsawa, wanda ya riga shi ritaya da shekara biyar, ya miƙe daga cikin 'yan kallo ya kwarara murya kamar da. Sai ga tsofaffin sojojinsa sun fito, wasu da sanda, wasu da tumbi, sun zauna a ƙasa a jere suna kwance takalma. Manjo ya tsaya yana kallonsu, ya yi kamar wani abu ya faɗa masa a ido. Sannan ya miƙa wa matarsa agogon, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Ya bi su kaf, har ya zo kan Saje.

"Saje, shekara ashirin, har yanzu ba ka sayi safa ba?"

Fili ya ɗauki dariya, ni kuwa ina dariya ina share hawaye da bakin mayafi.

Mun gode, Manjo. Ni da duk uwar da ɗanta ya fita a bayanka ya dawo da ƙafafunsa, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya albarkaci kajin nan su riƙa fitowa a kan lokaci. Ku kuma da aka ba ku mutane ku jagoranta, ko soja ne, ko shago, ko aji, ko gida, ku riƙa tambayar ƙaramin cikinku abin da ya gani kafin ku buɗe baki. In abu ya shige muku duhu, ku cire takalmi ku shiga ruwan da kanku. In kuma aka zo neman wanda za a ɗora wa laifi, kada ku waiga baya.