Tambayar da Malam Sha'aban Bai Yi wa Ɗan Farinsa Ba

Na san Sha'aban tun yana yawo ba wando a bayan ubansa a kasuwar shanu, shi ya sa ko da duk Baure ta koma kiransa Malam, ni ban fasa ce masa Sha'aban ba. Shi kuma Inna Kulu yake ce mini, ya russuna ya gaishe ni a gaban ɗalibansa, ba ya jin nauyin kowa. Ƙosai nake soyawa a ƙofar sakandaren garinmu tun makarantar ba ta da katanga. Ban taɓa shiga aji ba sai ranar zaɓe, amma duk abin da ajin ya haifa ta gaban kaskona yake wucewa.

Ubansa, Mati, dillalin shanu ne. In ya dubi bijimi, ya buɗe masa baki, ya sa aka ja shi ya yi taku, sai ya ce maka wannan na huɗa ne, wancan kuma kai shi wajen mahauta tun bai karya maka garma ba. Wannan idon Sha'aban ya gada, sai dai shi a kan 'ya'yan mutane ya yi aiki da shi.

Lissafi aka ɗauke shi ya koyar. Aikin ba yara shawara kan abin da za su zama kuwa, jibga masa aka yi don sauran malamai sun ƙi. Sai ya mai da shi kamar ibada. Duk ranar Alhamis zai kwaso manyan ɗalibai, ya jera su a inuwar darbejiyar da nake suya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayarsa da kowa ya haddace.

"Kai, me hannunka ke so?"

Amsar ɗaya ce kullum. Likita. Ɗan da ba ya iya riƙe kaza a yanka, likita. Wadda ke gudun allura har ta haura katanga, likita.

"Likita ko? Madalla. Tashi mu je ka ga jini."

Sai ya cusa su a motar Sama'ila direba, yau asibiti, wata Alhamis garejin gyaran mota, ko wajen masu haƙa rijiyar burtsatse, ko ofishin malaman gona, ko kotu a Daura su zauna su ji shari'a. Ba ya bari su tsaya daga nesa suna toshe hanci. Sai sun taɓa, sun ɗaga, sun tambayi mai aikin abin da ya fi ba shi wahala. Akwai wani Ikrima, dogo kamar sandar rake, da ya yanke jiki ya faɗi ana wanke wa wani tsoho gyambo. Da suka dawo na ce masa, "Likita, ka farfaɗo? Zo ka ci ƙosai jini ya dawo." Yau Ikrima walda yake yi a Katsina, ƙofar gidan da nake ciki ma shi ya haɗa ta. Murjanatu kuwa, wadda ba a jin muryarta a aji, ita ce ta matsa kusa ta riƙe wa tsohon ƙafa. Yanzu ita ke karɓar haihuwa a asibitinmu, ta fi ni faɗa.

Ba a makaranta kaɗai yake wannan fama ba. Zaure-zaure yake bi. Uba ya kafe sai ɗansa ya shiga ajin kimiyya, Sha'aban zai cire takalmi ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya sha zagi, ya koma gobe. Na ji shi da kunnena yana ce wa wani Alhaji, "Ranka ya daɗe, kai ka haife shi, amma shi zai tashi da asuba ya tafi aikin nan har ya tsufa. Ka taɓa zaunar da shi ka tambaye shi?"

To, shi ma yana da ɗa.

Suhaibu ne ɗansa na fari shi da matarsa Maijidda. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a ƙasar nan. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, ba ka zaunar da shi kuna hira kamar abokai. Kunya ce, haka muka taras. Ni ma tawa 'yar farin har ta yi jikoki sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Sha'aban, duk da bokonsa, ya riƙe wannan gam. In zai yi maganarsa sai ya ce "yaron nan".

Gari kuma ya sauƙaƙa masa. Tun yaron yana firamare yake zuwa na ɗaya, sai aka laƙa masa Dakta. Ɗan Malam ai ba zai zama komai ba sai likita. Mai shayi Dakta, liman Dakta, har uwarsa ta samu sunan da za ta iya faɗa ba kunya. Sha'aban ma ya bi sahu.

Shekarar da Suhaibu ya kai ajin da ake fita da su, ina zaune ina kallo. Sha'aban ya biyo layi yana tambaya, ya zo kan ɗansa, sai ya sunkuyar da kai ya gyara hula, ya wuce na gaba. Yaran suka kwashe da dariya.

"Ai Dakta an gama da shi, Malam!"

Suhaibu ya yi murmushi, yana murza wani ƙwallon mangwaro a hannu.

Wannan ƙwallon shi ne labarin. Duk lokacin mangwaro, yaron nan zai bi gindin darbejiya yana tsince ƙwallayen da yara suka tsotse suka yar. Ya roƙe ni tsofaffin ledoji, ya cika su da ƙasa da taki, ya jera a bayan gidansu kusa da rijiya. In sun tsiro sun yi kauri kamar yatsa, sai ya yi musu aure. Zai yanko ɗan reshe daga bishiya mai zaƙi, ya tsaga kan tsiron da reza, ya cusa reshen a ciki, ya naɗe da leda. A wajen wani malamin gona ya gani, a ɗaya daga cikin fitar Alhamis ɗin ubansa. Sauran yara sun manta kafin mota ta iso gida. Shi kuwa in yana wannan aikin ko kiransa kake ba ya ji.

Na tare Sha'aban wata rana yana sayen ƙosai.

"Kai da ke tambayar 'ya'yan kowa, ka tambayi naka?"

"Haba Inna, ni da ɗan fari? Me za a ce?"

"Za a ce kana da baki."

Ya yi dariya. "Yaron nan kansa na ja. Shuke-shuken nan wasa ne, zai bari. In da abin da yake so ai da ya faɗa."

Wa zai faɗa wa? Kunyar ai ba gefe ɗaya take ba. Uban da bai taɓa kiran sunanka ba, ta ina za ka fara ce masa ba ka son abin da duk gari ya zaɓa maka?

Suhaibu ya gama makaranta, ya tafi Daura ya yi jarrabawar shiga jami'a. Ya ci, amma makin bai kai na likita ba. Da wani ɗan ne, da Sha'aban ya je zaurensu ya ce ga karatun noma, ga na gandun daji, a bar shi ya bi hannunsa. Nasa kuwa sai ya aika ƙanwar yaron, Firdausi.

"Ki ce wa yayanki ya sake gwadawa baɗi."

Ya sake. Ya kuma sakewa. Sa'anninsa suka watse, wasu makaranta, wasu sana'a, kowa da hanyar da Malam ya nuna masa. Shi yana gida. Sunan nan da a da yake kamar rawani sai ya koma abin tsokana. In ya wuce majalisa sai ka ji, "Dakta, yaushe za a buɗe asibitin? Ga basir na damuna." Yana wucewa kawai. Na lura ya daina zuwa masallacin unguwa, sai na can bakin kasuwa inda ba a san shi sosai ba.

Wata safiya bayan an kai amfanin gona gida, ya zo da 'yar jaka a kafaɗa, ya sayi ƙosai.

"Inna, ki riƙa tuna wa Firdausi ta zuba wa shukokin nan ruwa."

"Ina za ka, da jaka kamar mai gudun hijira?"

"Nan kusa ne."

Ashe samarin da ke tsallaka iyaka su tafi Aljeriya aikin gini ya bi. Sai da aka kwana biyu ya kira wayar Firdausi ya ce ya sauka lafiya.

Sha'aban bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya ci gaba da fitar Alhamis har ya yi ritaya, amma in ya zo ƙarshen layi sai ya tsaya kamar ya manta wani. Ruwan shukokin kuwa bai bar wa Firdausi ba. Shi da kansa yake jan guga, mutumin da alli kaɗai hannunsa ya sani. Da ya ajiye aiki sai ya kewaye gonarsa ta fadama da ƙaya, ya kwashe shukokin ya kai can. Ya je wajen malaman gona, da furfurarsa, ya ce a koya masa auren mangwaro. Sai ka gan shi tsugune da tabarau a kan hanci, da reza a hannunsa.

"Sha'aban, tsufa ne ya mai da kai ɗan lambu?"

"Ina rage masa aiki ne, Inna, kafin ya dawo."

"Ka gaya masa?"

Ya ɗauki wani reshen ya ci gaba da aikinsa.

Yaron yakan kira jefi-jefi, ranar Juma'a. Firdausi ta amsa, uwar ta karɓa, shi kuwa uban yana tsaye a bakin ƙofa yana kasa kunne. Iyakarsa, "Ki ce masa muna lafiya." Shekaru suka tafi a haka.

Sai hawan jini ya kwantar da shi. Wata Juma'a da la'asar na kai masa kunun tsamiya, ina zaune wayar ta yi ƙara. Firdausi ta buɗe murya don uwarta ta ji. Ana cikin gaisawa sai Sha'aban ya miƙo hannu daga kan gado. Yarinyar ta tsaya tana kallonsa, ba ta gane ba. Na ce, "Ba shi mana, ke ma."

Ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Suhaibu."

Maijidda ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun ranar suna ba a taɓa jin wannan sunan a bakinsa ba.

"Na'am, Baba." Muryar kamar ta mai tambaya ko da shi ake.

"Suhaibu, me hannunka ke so?"

Muka yi ta jin iska da ƙarar injin kwaɓa siminti daga can. Na ɗauka layin ya yanke.

"Baba, yanzu kuma? Hannun ai siminti ya cinye shi."

"Ka dawo. Na kewaye maka gonar fadama. Shukokinka suna nan, har da na farkon sun fara 'ya'ya."

"Na karɓi aikin mutane, Baba, ba zan gudu in bar shi ba. In na gama, bayan babbar sallah, in sha Allahu."

"To. Allah ya kai mu. Allah ya yi maka albarka, Suhaibu."

Ya sake faɗin sunan, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana shi.

Bai kai sallar ba. Ana shirin sayen raguna Allah ya karɓi abinsa. Ban taɓa ganin jana'iza irin tasa a Baure ba. Masu walda, malaman asibiti, direbobi, teloli, wani lauya daga Kano, kowa na cewa Malam ne ya nuna masa hanya. Ikrima ya ɗauki makara yana kuka kamar yaro. Yanzu ranar Alhamis ba mai fita da kowa. Yaran suna wucewa ta gabana, in na tambaye su, duk likitoci ne.

Suhaibu ya iso bayan an tashi daga zaman makoki. Ya yi baƙi, ya rame, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Da ya dawo daga maƙabarta na ce ya zo ya raka ni fadama, ƙafata ba ta kai ni ni kaɗai. Ya san ƙarya nake, amma ya biyo ni.

Bishiyoyinsa na da sun yi inuwa. A gefensu ga dogon layi na ƙananan shukoki a leda, rabi sun bushe, sauran ganyensu ya yi rawaya. Ya tsuguna a gaban ɗaya, ya shafa wajen ɗaurin.

"Wa ya yi waɗannan?"

"Ubanka."

Ya daɗe yana dubawa. Ya ɗauki wani, ya juya shi a hannu.

"Yankan ya yi kyau. Sun ma kama, Inna. In aure ya kama, kwance ledar ake yi. Shi bai kwance ba, sai ta shaƙe su." Ya ajiye shukar a ƙasa. "Da ya tambaye ni, da na gaya masa."

Na nemi wuri kusa da shi na zauna.

Ya tambaye ni ko ina da reza. Na kwance bakin zanina na ba shi wadda nake yanke farce da ita. Ya fara daga farkon layin, yana tsallake busassun, yana yanke ɗaurin waɗanda ke da sauran rai. Yatsunsa sun yi tauri, rezar tana ta kuɓuce masa tana faɗuwa cikin ƙasa. Sai ya ɗauka, ya goge a gwiwar wandonsa, ya matsa na gaba.