Malam Souley, Mai Ɗaukar Zagin Matuƙa

Ranar Asabar Malam Souley ba ya komawa barci bayan Asuba. Yakan sauko daga benensu a unguwar Morris Heights ta Bronx da fulas ɗin shayi a hammata, ya tada tsohuwar motarsa, ya haye gadar George Washington tun titi bai cika ba. Can cikin jihar New Jersey akwai wani ƙaramin filin jirgi. Titi ɗaya ne, babu hasumiya, babu mai gadi sai shingen waya. A nan jirginmu yake kwana, ɗaure da igiya kamar ragon layya. Kujera huɗu gare shi, farfela ɗaya a hanci, kuma ya girmi wasu daga cikinmu.

In ya isa, abin da yake fara yi shi ne tsayuwa. Ya dubi sama. Ya dubi tsaunin da ke bayan filin, ya ga ko kansa a fili yake ko gajimare ya rufe shi. Ya saurari rahoton yanayi a waya, ya sake saurara. Sannan ya kwance igiyoyi, ya zagaya jirgin yana shafa shi da tafin hannu, ya zauna a kujerar roba ya jira wanda yake da layin tashi.

Na ce jirginmu. Na ƙungiya ne. Mutanen Bronx ne suka haɗa hannu suka saye shi: direbobin tasi, masu shago, wani ma'aikacin jinya. Akwai 'yan Zangon Gana, akwai 'yan Nijar, akwai 'yan Najeriya. Ba wanda yake ci da shi. Sha'awa ce kawai, mutum ya gama fama da titi duk mako, ran Asabar ya hau sama ya ga garin ya zama ƙarami. Tun da aka kafa ƙungiyar makullin jirgin yana hannun Malam Souley. Wata mai zuwa zai miƙa shi, ya koma Maradi ya huta. Ni ɗan ƙanwar Braimah ne, ɗaya daga cikin matuƙan, kuma a jirgin nan nake koyo. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma kawu Braimah ne ya faɗa mini, ya kuma ce in sa sunansa.

Je ka Grand Concourse, babban titin Bronx, ka tambayi mata wane ne Malam Souley. Za su ce maka Mai Hanawa. Mutum mai baƙin rai, wanda za ka kwaso iyali tun daga Bronx, yara sun sha wanka, ya dube ku ya ce ba a tashi yau. Haka sunansa yake a gari, kuma shi ya sa wa kansa.

Dokar ƙasar nan a kan ƙananan jirage a fili take. Wanda ya koyi tuƙi da ido kawai, bai koyi tuƙi da na'ura ba, ba ya shiga gajimare. Dole ya ga gabansa, ya ga ƙasa. Amma a fili irin namu ba wanda zai tare ka a bakin titi. Doka ta ce matuƙi shi ne mai hukunci, shi zai ce a tashi ko a fasa. Doka ce mai kyau. Sai dai wanda ya rubuta ta bai san kunya irin tamu ba. Bai san yadda bakin namiji yake yin nauyi idan surukarsa tana tsaye da mayafin biki, yara suna ɗaukar hoto, shi kuma cikinsa yana gaya masa kada ya tashi. A wurinmu mutum zai gwammace ya shiga gajimare da ya ce, “Ina jin tsoro.”

Malam Souley ya san wannan. Ga abin da ya yi a kai.

Kafin kowane tashi ana tsiyayo man jirgi kaɗan daga ƙarƙashin fiffike a cikin ƙaramin kofi, a duba ko ruwa ya shiga. Aikin matuƙi ne. Amma shi ya kafa al'ada cewa tare za a yi. Sai su tsuguna su biyu a ƙarƙashin fiffiken, nesa da kunnen kowa. A nan yake tambaya, ƙasa-ƙasa, idonsa a kan kofi: “Zuciyarka ta kwanta?” In mutum ya amsa da ƙarfi, kuma sama tana da kyau, shi ke nan, ga makulli. In ya yi jim, ko ya fara cewa ai wataƙila za ta washe, sai ya ce masa: “Bon, shi ke nan. Tashi ka zage ni.”

Sai ya miƙe ya fara faɗa. Ya ce ba ya ba da makulli, jirgi ba na uban kowa ba ne. Matuƙin ya yi fushi a gaban iyalinsa, ya buga ƙafa, ya koma gida da mutuncinsa. Da ransa kuma.

Kai ne bangon da suka jingina da shi, Malam, sannan suka juya suka tofa masa yawu, da izininka.

Na ga wannan a watan Yulin 2016, ban kuma gane abin da nake gani ba. Matar kawu Braimah, Anti Sherifa, ta haihu. Mahaifiyarta Hajiya Rafia ta zo suna daga Kumasi. A wurin sunan, a gaban jama'a, kawu ya yi alkawari zai ɗauke ta a jirgi su bi ta kan kogin Hudson, ta ga dogayen benaye daga gefe, ta ga mutum-mutumin matar nan mai ɗaga fitila. Aka yi shewa. Hajiya ta buga waya gida ta faɗa wa duk wanda ya ɗauka. Jibi za ta koma.

Hanyar kan kogin nan siririya ce. Sama da kai manyan jirage ne, ba a hawa can. Gefe da gefe benaye. Jirage masu saukar ungulu suna kai da kawo. Kowa yana bin hannunsa na dama, yana faɗin inda yake a rediyo, yana dogara da idonsa. Ranar kuwa zafi ne mai danshi, sama ta yi fari fat kamar an zuba madara. Rabin tsaunin bayan fili ya ɓace.

Mota biyu muka zo. Hajiya ta sha leshi. Kawu da Malam suka tsuguna ƙarƙashin fiffike, suka daɗe. Sai muka ji murya.

“Ba a tashi! Na ce ba a tashi!”

Kawu ya miƙe. “Malam, mene ne haka? A gaban baƙuwa?”

“Ko a gaban wa. Makulli shina aljihuna, nan zai kwana.”

“Lasisina fa? Kai ka ba ni?”

“Kai da lasisinka ku hau bas.”

Hajiya ta matso tana gyara mayafi. “Ei! Bawan Allah, daga Kumasi na zo fa. Ka dubi furfurata.”

Malam ya sunkuyar da kai, ya ce, “Hajiya, sannu da hanya. Ba a tashi.”

“Allah ya isa,” in ji ta. “Ɗana ya yi niyya, kai ka hana. Allah yana gani.”

Kawu ya yi ta surfa masa magana har muka shiga mota. Malam ya koma kujerarsa ya zauna. Ya buɗe fulas ɗinsa ya zuba shayi, wannan na gani.

Ba abin da ya faru ranar. Ba jirgin da ya faɗi a ko'ina. Bayan La'asar ma sama ta washe tas, har mutane suna nuna ta ta taga suna cewa, “Ka gani ko?” Aikinsa ke nan. In ya yi daidai, babu abin nunawa.

Kafin mako ya zagayo maganar ta canja kama. Aka ce ɗan Nijar ne ba ya son 'yan Gana. Aka ce da surukar ɗan Maradi ce da ya ba da makulli da gudu. Wadda ta fi shan wannan ita ce matarsa, Salamatou. Ita da Anti Sherifa aminai ne. Ita ta kwana da Anti a asibiti ranar haihuwa. Daga ranar nan Anti ta daina gaishe ta. In sun haɗu a wurin biki sai ta ɗauke kai. Wasu matan suka bi sahu.

Sai Mahamudu, wani sabon ɗan ƙungiya, ya kawo ƙara a karɓe makullin. Ba mugun mutum ba ne. Bai taɓa tsugunawa ƙarƙashin fiffike da nauyi a ciki ba, shi ke nan. Aka taru a bayan wani gidan abinci a unguwar Concourse Village.

“Doka ta ce matuƙi ne mai hukunci,” in ji Mahamudu. “Braimah yana da takardunsa. Wa ya naɗa Malam hukuma?”

Shugaban ƙungiya ya ce, “Malam Souley, kare kanka.”

Kalma ɗaya ta ishe shi. Abin da zai ce kawai shi ne Braimah ne ya yi jim, Braimah ne ya ce ba ya ganin tsaunin. Da ya faɗi haka, da an wanke shi, da an wanke matarsa, da maganar ƙabila ta mutu a wurin. Kawu yana zaune a gabansa yana kallon tebur.

Malam ya ce, “Sama ba ta yi mini ba. Iyakar abin da na sani ke nan.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. In kun ga a karɓa, ga shi.” Ya ajiye makullin a tebur.

Aka ce wanda yake so makulli ya zauna wurin Malam ya ɗaga hannu. Tsofaffin matuƙan suka ɗaga, ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon ɗan'uwansa. Kowannensu ya san abin da ya sani, kowannensu yana zaton shi kaɗai ne. Kawu ya ɗaga a ƙarshe. Da aka fito mutane suka yi ta yaba masa, wai ga mai yafiya, an wulaƙanta shi amma bai riƙe ba. Ya karɓi yabon. Malam ya ɗauki makullinsa ya tafi gida shi kaɗai.

Makulli ya dawo. Suna bai dawo ba. Haka aka ci shekara uku.

Kai ne ka ga ƙofar fita a buɗe, Malam, ka ƙi bi, don ka san in ka bi ta sau ɗaya ba wanda zai sake gaya maka gaskiya a ƙarƙashin fiffike. Ba ka taɓa ba mu lacca a kan tsaro ba. Ka dai sa fasawa ta yi mana sauƙi, kai kuma ka ɗauki nauyin.

Da labari ya fito cewa zai koma gida, kawu ya kasa zama. Ya zaunar da Anti Sherifa ya faɗa mata komai. Ban san abin da ta ce masa ba. Na dai san ya yi kwanaki yana cin abinci a waje. Ran Juma'a ta dafa wake da shinkafa irin na Zango, ta sa ni na ɗauko kular, muka hau benen su Malam. Salamatou ta buɗe ƙofa. Anti ta fashe da kuka.

Salamatou ta ce, “Shigo mana, kina tare mini iska.”

“Yaya, ban sani ba. Wallahi ban sani ba.”

“Ni na sani.”

“Ya faɗa miki?”

“Shi? Wannan da ko ciwonsa ba ya faɗa? Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, a ce ya tsaya yana ihu gaban tsohuwa? Tun ranar na san da wata a ƙasa. Zauna. Kin sa yaji dai ko?”

Don haka jinjinar nan ta mutum biyu ce. Inna Salamatou, ke ma kin ɗauka, ba a ma tambaye ki ba.

Malam yana ɗaki yana jin komai. Da ya fito bai yi murna ba. Na gaya masa kawu ya ce in rubuta, kowa ya karanta.

“Kun ɓata mini aiki,” ya ce. “Yanzu duk wanda ya riƙe makulli, in ya hana, mata za su ce ƙarya ne, mijin ne ya ji tsoro. Wa zai rufa ma wani asiri kuma?”

Na ce, “Babu.”

“To mi kuka yi ke nan?”

Ga amsata yanzu, a rubuce. Gaskiyarsa ne, dabarar ta mutu, kuma da saninmu muka kashe ta. Shekara da shekaru mutum ɗaya yana sayen rayukanmu da sunansa. Ya isa. Ba za mu nemo wani dattijon mu ɗora masa wannan kaya ba.

'Yan'uwana matuƙa, na ƙungiyarmu da na ko'ina: koyi da Malam Souley ba ihu ba ne a bakin jirgi. Shi ne ka yarda a ga gazawarka, a yi da kai a gari, in dai kowa zai koma gida. Ran da sama ba ta yi maka ba, ka juya ka dubi iyalinka ka ce, “Yau ba zan iya ba.” Ku kuma iyalai, in ya faɗa, kada wanda ya yi masa dariya.

Malam, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya kai ku Maradi lafiya, ya ba ka tsawon rai. Waɗanda suka zage ka da saninsu da waɗanda suka zage ka a rashin sani, duk suna nan da ransu, suna neman gafararka. Ranar walimar sallama kawu Braimah ne zai fara magana, kuma Hajiya Rafia za ta saurara ta waya daga Kumasi. Ita ta ce a kira ta. Ta ce akwai kalmar da ta bari a filin jirgi, tana so ta janye ta da bakinta.