Mu Ba Waɗancan 'Yan Sa-kai Ba Ne

Bari in fara da gyara zancen, don na gaji da jin sa a karkace. Mu ba 'yan banga ba ne. Ba a yi wata arangama ba. Malam Isyaku bai busa usur don ya kira mutane faɗa ba. Duk wanda ya gaya muku haka a Karaye, ba ya wurin. Ni ina wurin.

Mu manya ne da muka je koyon yadda ake jagorantar yaran sikawut. Yawancinmu malaman firamare ne, sai tela ɗaya da wani mai kemis. Ni na gama sakandare ina zaune a gida, ina so in buɗe rukunin 'yan mata a unguwarmu. Aka ce sai na yi horo tukuna. An sa horon lokacin hutu, a wata firamare da ke bayan wani ƙauye a yankin Ruwan Bago, can Rogo, saboda akwai fili da inuwa. Abin da ke hannunmu sanduna ne da igiya. Ba yaro ko ɗaya a cikinmu, alhamdu lillahi.

Mu uku ne mata. Ni, da Anti Hajara, malamar makaranta daga wani gari da ake kira Turawa, da Adda Habi daga Fulatan, wadda take fara magana da Hausa ta ƙarasa da Fillanci ba ta lura ba. Mu muna kwana a aji, maza suna tanti a fili.

Malam Isyaku ne mai horar da mu. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Kakinsa ya koɗe har ya kusa zama fari. Kullum maganarsa ɗaya: "Mu 'yan sa-kai ne. Ba wanda ya aiko mu, mu muka kawo kanmu." A bakinsa, sa-kai shi ne ka ba da lokacinka don Allah. Haka ni ma na san kalmar tun ina ƙarama. Amma a bakin iyakar jihar nan, inda 'yan bindiga suke ratsowa daga daji, ɗan sa-kai shi ne wanda ya saɓa bindigar toka yana farautar su. Adda Habi ta taɓa masa zancen ranar da muka sauka.

"Malam, a nan fa ku sassauta kalmar nan. Daban ake jin ta."

"To me zan ce, Habi? 'Yan zaman banza?" Ya yi dariya. "Ai kalmar ta girmi bindigarsu."

Mu ma muka yi dariya. Kowace safiya kuma muna fareti cikin kaki, sanda a kafaɗa, masu tafiya gona suna tsayawa kallo.

Ranar Laraba ce. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi laushi. Muka sha koko da ƙosai. Malam ya fara da usur, kamar yadda ya saba. Busa gajera-gajera a jere, ku taru a wurina. Busa doguwa-doguwa a hankali, ku watse, ku yi nisa. Ya yi ta sa mu gudu muna dawowa har sai da ƙafa take ji kafin kunne.

Daga nan aka koma ƙulli. Nawa ya zame, kamar jiya.

"Shamsiyya, dama kan hagu, hagu kan dama. Ke kullum kamar motar Kano za ta tashi ta bar ki."

"Malam, ku ƙyale ta," in ji Anti Hajara. "Wannan ko tuwo ba ta jira ya huce."

"Ni dai a gama in tafi," na ce.

Darasi na gaba shi ne haɗa gadon ɗaukar majinyaci da sanda biyu. Maza da rigunansu za su yi, mu da zane. Tunda ba a kwance zane a gaban maza, Malam ya tura mu aji mu gwada. Anti Hajara ce majinyaciya, don ta fi mu jiki. Ta kwanta tana cewa, "A ɗauke ni da mutunci, ni ba buhun gyaɗa ba ce."

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da na ji ƙarar. Babura ne, daga yamma. Ba irin na ranar kasuwa ba, masu zuwa ɗai-ɗai. Waɗannan tare suke, kamar injin niƙa da yawa an tayar a lokaci guda. Tsuntsayen da ke kan mangwaro suka tashi. Na leƙa ta taga.

Sun riga sun shigo fili. Kowane babur mutum biyu ko uku, fuska a naɗe, bindiga a cinya. Suka zagaye mazan da ke zaune a ƙasa da igiya a hannu.

"Kowa ya kwanta!"

Suka kwanta. Malam bai kwanta ba. Ya ɗaga hannuwansa, usur ɗin yana lilo a wuyansa.

Ɗaya ya sauko daga babur. Muryarsa ta saurayi ce.

"Kai ne babba?"

"Ni ne."

"Ku ne 'yan sa-kan?"

Adda Habi ta damƙe hannuna. Na ji faratanta a fatata.

"Aikin sa-kai muke yi, ɗana," in ji Malam, "amma na yara ne, muna koyar da..."

Bai ƙarasa ba. Gindin bindiga ya same shi a baki. Ya faɗi a kan gwiwa. Gaskiya ya faɗa. Tsoho ne da bai taɓa koyon wata amsa ba.

"A ɗaure su!"

Da igiyarmu suka fara ɗaure su. Telan ya ɗago kai zai yi bayani. Aka harbe shi a fuska. Ƙarar ba ta yi kama da ta cikin fim ba. Busasshiya ce, kamar an karya katako. Anti Hajara ta tashi zaune a kan zanen.

Wanda ya tambaya ya fara bin layin yana duba fuskoki. Ya tsaya kan mutum na biyu, ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. A nan na gane ba tafiya da su za a yi ba.

Malam ma ya gane. Yana durƙushe, jini yana zuba a ƙirjin kakinsa. Ya kai usur bakinsa.

Doguwa. Ya ja numfashi. Doguwa.

Ku watse, ku yi nisa.

Wallahi ba tunani aka yi ba. Mutanen da ke kwance suka zabura a tare, kowa ya kama gabansa, wasu da igiya a hannu ɗaya. 'Yan bindigar ba su san wanda za su bi ba. Busa ta uku ta fara, ta yanke a tsakiya.

Tagar baya ba ta da murfi. Adda Habi ta jefa sandunan da zanen, ta dira. Na bi ta. Anti Hajara ta maƙale a ƙugu. Muka ja ta da ƙarfi, ta faɗo a kanmu. Tsakanin ajin da gonar dawa akwai ɗan fili. Muna tsakiyarsa harbi ya juyo wajenmu. Na ji wani abu ya wuce kunnena da zafi. Anti Hajara ta ce, "Inna lillahi," ta zube.

Muka ja ta ta hannuwa zuwa cikin dawa. Damina ta yi nisa, dawar ta fi tsayin mutum. Ita ce ta rufe mu.

Harsashin ya shiga ƙasan gwiwa. Ƙashi ya fito. Jinin ba zuba yake ba, tsartuwa yake. Na kwance ƙyallen sikawut da ke wuyana na zagaya shi sama da gwiwar. Dama kan hagu. Hagu kan dama. Na cusa guntun icce na murɗa. Ta buɗe baki za ta yi ƙara, Adda Habi ta toshe mata da tafin hannu. Ta cije ta har jini. Na ci gaba da murɗawa har tsartuwar ta tsaya. Ƙullin bai zame ba.

"Cire kakin," in ji Adda Habi.

Muka tuɓe rigunan kakin, har ta Anti Hajara, muka danna su cikin laka, muka bar hijabi a jikinmu. Muka naɗe zanen a kan sandunan kamar yadda aka koya mana ɗazu. Adda Habi a gaba, ni a baya. Muka bi tsakanin kunyoyi a sunkuye.

Bayanmu harbi bai tsaya ba. Ya bar makaranta ya koma ƙauyen. Muka ji kukan mata, muka ji shanu ana kora su. Sai warin hayaƙi, na roba da na hatsi. Tantuna da rumbuna ke nan.

Wani babur ya biyo hanyar gefen gonar. Ya tsaya. Muka kwanta a laka. Ina jin injin yana numfashi, ina jin mutum biyu suna magana. Ɗaya ya buɗe wuta cikin dawar, haka kawai, daga hagu zuwa dama. Ganye da kara suka zubo a bayana. Anti Hajara ta zuba mini ido. Na zuba mata. Babur ɗin ya wuce.

Gaba kaɗan muka tarar da mai kemis. A kife yake, igiya a wuyan hannunsa, takalmi ɗaya babu. Shi ne jiya ya nuna mana yadda ake jin bugun jini a wuya. Na sa yatsuna biyu inda ya nuna. Babu. Muka tsallake shi.

Rana ta take tsaka, ta karkata. Na yi ta sauraron kiran azahar daga ƙauyen. Ranar ba a kira ba.

Hannuwana suka yi bororo, bororon ya fashe. Zanen ya jiƙe ya yi nauyi. Muna ɗauka, muna ajiyewa, muna ɗauka. A ƙarshen gonakin akwai rafi, ruwan safe ya cika shi, ya yi ja.

"Ku ajiye ni a nan," in ji Anti Hajara. Leɓenta ya yi fari. "Shamsiyya, ku tafi. Ki gaya wa yarana..."

"Anti, ki yi shiru. Surutun nan ƙara miki nauyi yake."

Muka ɗora sandunan a kafaɗa muka shiga. Ruwan ya kai ƙirji. A tsakiya ƙafata ta zame, na sha ruwa, ban saki ba. Da muka fita na duba ƙyallen. Yana nan. Ƙasan gwiwar ya yi baƙi, ya yi sanyi.

Wajen la'asar muka ji haushin kare. Ruga ce. Matan da suka hango mu suka kwashi yara suka yi daji. Adda Habi ta ɗaga murya da Fillanci, ta kira sunan mahaifinta da na kakanta. Wani dattijo ya fito daga bayan bukka da sanda. Shi ma da safen nan aka kore masa garke. Ya dubi jinin, ya dube mu.

"Ku su wa ne?"

Na buɗe baki. Kalmar tana kan harshena, don ita aka yi ta koya mini. Na haɗiye ta.

"Malaman makaranta ne, Baffa," in ji Adda Habi.

Bijimai biyu suka rage masa, don suna gona lokacin da aka zo. Ya ɗaura musu amalanke, ya shimfiɗa tabarma, ya kai mu bakin titi. Wata motar masara ta tsaya. Ana kiran magariba muka shiga Karaye.

Anti Hajara ta rayu. Likita ya ce ɗaurin nan ne ya riƙe ranta, shi ne kuma ya cinye ƙafar. An yanke daga gwiwa. Da ta farfaɗo ta dube ni ta ce, "Ashe kin iya."

Kafin a yi sadakar uku labari ya riga ya canza kaya. Wai 'yan sa-kai ne suka kafa sansani, suka jawo wa ƙauye bala'i. Wai Malam ya busa usur a far musu. Iyaye suka cire 'ya'yansu daga sikawut. Wata maƙwabciya ta zo yi wa matar Malam ta'aziyya, ta ce da ita, "Shi ma da tsufansa me ya kai shi?" Ina zaune a wurin. Na tashi na fita, don in na buɗe baki ba za a ji daɗi ba.

Ga abin da na sani. Telan ya bar mata da ciki. Mai kemis ya bar uwa makauniya. Wani malami daga Rogo, wanda ban ma riƙe sunansa ba, an tsince shi a bakin rijiyar makaranta. A ƙauyen an binne mutane, ban san adadinsu ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Malam Isyaku an same shi inda ya durƙusa, usur ɗin a tsakanin haƙoransa. Duk sauran da suka kwanta a filin nan suna gidajensu yau, suna cin tuwo da 'ya'yansu.

Ba a ƙarasa horon ba. Ba wanda ya ce mini na cancanta. Ummata ta ce in na sake sa kaki ba da yawunta ba. Na ce to, zan yi da hijabi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar da na haɗiye a gaban dattijon nan. Ranar dole ce. Amma ba zan bar musu ita ba.

Na sayo usur a kasuwa. Na je gidaje na yi magana da iyaye, yawanci sun ƙi, kaɗan sun yarda. Ranar Asabar da safe zan tara 'yan matan a filin firamaren unguwarmu. Anti Hajara ta ce a kawo ta da kujera, ita za ta koyar da ƙulli, wai ni ba ni da haƙurin yara. Ni zan fara da usur, da doguwar busa. In sun dawo sun zauna, zan gaya musu sunan wanda ya koya mini, da abin da sa-kai yake nufi a bakinsa.