Gefen Tafkin da Katafila Ta Cinye

Jiya a kasuwar Batsari hayaƙin mai bandar kifi ya shigar mini hanci, sai na tsaya cak, tafkin ƙauyenmu na wajen Runka ya dawo mini.

Kada ka zaci wani babban ruwa ne. Gabashinsa ne kawai mai zurfi, yammacinsa kuwa a baje yake kamar faifai, ciyawa ta rufe shi. Da rani ruwa yakan janye, tarwaɗa su maƙale a ɗan abin da ya rage. Idan damina ta sauka ruwa ya haura cikin ciyawar, sai su biyo shi su zuba ƙwai. Da sassafe ka ji facal-facal, bayansu duk a waje. Kakana ne mai kula da tafkin. Shi ke kewaye ciyawar da ƙaya, amininsa Bafillatani kuma ya zagaya da shanunsa ta gabas har 'ya'yan kifi su yi ƙwari. Mu yara hannunmu na ƙaiƙayi, amma tsumagiyar tsoho ba ta san jika ba.

Sai aka shiga shekarun fari. Ruwan ya koma kamar kunu, shanun amininsa suka riƙa faɗuwa a bakin tafkin. Kaka ya ga dattijo yana hawaye, abin bai taɓa barin ransa ba.

Da kuɗin man fetur suka yawaita a ƙasa, aka kawo katafila aikin hanya kusa da mu. Kaka da ƙafarsa ya je ya roƙi direban ya zurfafa mana tafkin, har da tukuicin rago. Kaka ne ya nuna masa yamma, wai ƙasar can ta fi laushi. Ranar nan mata har da guɗa.

Damina ta zo, tafki ya cika, amma gaɓarsa ta miƙe kamar bangon rijiya. Ruwa bai sami inda zai malala ba. Muka tarar da tarwaɗa suna kewaya gefe, cikinsu fal da ƙwai, suna dungurar jar ƙasa. Kaka na tsaye da damin ƙayarsa, ya rasa inda zai kafa ta.

Amininsa ya dafa shi ya ce, "Malam, ai shanu sun sha."

"Sun sha," in ji Kaka. "Amma waɗannan ni na rushe musu ɗakin haihuwa."

Daga nan kowace shekara manyan kifi ake kamawa, ƙanana sai ɗai-ɗai, har aka daina fita kamun kifi. Har ya rasu bai ƙara cin kifi ba, kuma tausayinsa bai bar ni ba har yau.

Yanzu hanyar ƙauyen ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Waɗanda suka gudo sun ce ruwan na nan, ko da rani ba ya ƙafewa. Babu kifi a cikinsa, babu kuma saniyar da ke zuwa sha.